Bindigar Martini da aka mayar mai cin harsashin .303: ta ƙara daraja ko ta rage?

Mazaunin Ingila: Assalamu alaikum. Na ga wata tsohuwar bindiga Martini-Henry a gwanjo, irin mai cin harsashi ɗaya da sojan Ingila suka fara riƙewa a 1871. Asalinta harsashi mai girman .577/450 take ci, amma an mayar da ita mai cin na .303. Mai ita ya ce hakan ya ƙara mata kuɗi, kuma tsohon ƙarfe ba ya fashewa. Ni dai na yarda da shi.

Tsohon Saje: Wa alaikumus salam. Yana da gaskiya. Gwamnatin Ingila da kanta ta yi wannan aikin daga 1895, aka kira su Martini-Enfield. Jikin Martini ƙaƙƙarfa ne, da ba ya ɗauka da ba a miƙa wa soja ba.

Ɗan Maƙera: Baba Saje, a gafarce ni, a nan ne ban bi ka ba. Harsashin .303 ya fi na asali siranta, don haka ba a yin wannan aikin da fafe gurbin harsashi kawai, sai an sa sabon bututu. Na Enfield, masana'antar bindigogin gwamnati, sun sa, sun gwada, sun buga tambari. To wannan wa ya sa mata? Da albarushi baƙi aka tsara ta, na .303 kuwa mara hayaƙi ne, matsinsa ya fi nesa ba kusa ba. Idan aikin wanda ba a sani ba ne, fuskar mai harbi ce ke kusa da wajen.

Mazaunin Ingila: Ai akwai tambari, Malam. Kambi da V.R., sai 1907.

Ɗan Maƙera: Yaya, sake duba shekarar nan. V.R. na Sarauniya Biktoriya ne, ita kuwa ta rasu a 1901. Irin wannan kuskuren an san shi a bindigogin da maƙeran yankin Khyber, a iyakar Pakistan da Afghanistan, suke kwaikwaya da hannu, wani lokacin har harafin N na ENFIELD yakan juya baya. Ƙarfensu ba shi da tabbas.

Tsohon Saje: To, idan 1907 ce na janye a kan wannan ɗin. Amma ban janye a kan Martini-Enfield ta gaske ba, tana da masu nemanta.

Malama Mai Tarihi: Tana da su, Baba, sai dai mai tara kayan tarihi abin da yake biya shi ne bindiga yadda ta fito, irin wadda aka riƙe a yaƙin Isandlwana, tsakanin Ingila da Zulu, a 1879. Akwai kuma doka. A Ingila .577/450 na cikin harsasan da aka daina yi, ana iya ajiye ta a matsayin kayan tarihi. Da ta koma .303, sai da lasisi.

Mazaunin Ingila: Wallahi lasisin bai zo min a rai ba. In an gwada harba ta da igiya daga nesa fa?

Ɗan Maƙera: Don Allah kar ka yi. Ta tsira a harbi ɗaya ba shaida ba ne, tsaga tana iya ɓoyewa sai a na goma. Akwai gidajen gwajin bindiga a Landan da Birmingham, aikinsu ke nan. Ka ce wa mai ita ya nuna tambarin gwajin da aka buga bayan sauyin.

Mazaunin Ingila: Na tura masa tambayar yanzu, na kuma ce ya ɗauko min hoton harafin N ɗin.