'Ya'yana biyu SS ne, amma ciwon bai zo musu iri ɗaya ba

Maman Walid, Gwammaja:

Assalamu alaikum. Ni da maigidana duka AS ne, kuma ba mu sani ba sai bayan Allah ya ba mu 'ya'ya biyu masu sikila, domin mun yi aure tun kafin dokar gwajin lafiya kafin aure da aka sanya wa hannu a Kano a 2024. Abin da ke ɗaure mini kai shi ne, gwaji ya nuna dukansu SS ne, amma babban da wuya mu yi wata biyu ba mu kwana da shi a asibiti ba, musamman idan hunturu ya kama, ƙanwarsa kuwa sai ta shekara ba ta kwanta ba. Kuma lafiya lau na haife shi, sai da ya kai wata bakwai hannuwansa suka fara kumbura. Idan gado ɗaya suka ɗauko, me ya bambanta su?

Malam Bashir, Rijiyar Zaki:

Wa alaikumus salam, Hajiya. Allah ya ba yaran lafiya. Ina koyar da ilimin halittu a sakandare, kuma ga yadda nake yi wa ɗalibaina bayani. Umarnin da ke gina jikinmu a rubuce yake cikin DNA da haruffa huɗu kacal, A, T, G da C, waɗanda aka jera su kimanin biliyan 3. A wurin da ke ba da umarnin haɗa himogulobin, sinadarin da ke ɗaukar iskar numfashi a cikin jini, harafi ɗaya ne ya sauya, GAG ya koma GTG. Kamar dai a rubuta ƙafa a manta da lanƙwasa, ta koma kafa. Wannan sauyin ne ke sa jajayen ƙwayoyin jini su lanƙwashe kamar lauje idan iska ta yi ƙaranci, su toshe ƙananan hanyoyin jini, su kuma mutu cikin kwana 10 zuwa 20 maimakon kwana 120. Ke da maigidanki kowa yana da kwafi biyu na wannan umarnin, ɗaya mai kyau (A) ɗaya mai sauyin (S), shi ya sa ba ku jin komai, kuma a kowane ciki daban yiwuwar haihuwar SS ɗaya ce cikin huɗu.

Anti Rabi, ma'aikaciyar ɗakin gwajin jini, Tarauni:

Malam ya yi bayanin tushen ciwon, amma amsar tambayarki, Maman Walid, ta fi karkata ga wani wurin. Jariri a ciki yana amfani da wani nau'in himogulobin na daban, na tayi, wanda ba ya lanƙwashewa. Bayan haihuwa jiki yana rage haɗa shi a hankali, har zuwa wajen wata shida na manya ya mamaye jinin, shi ya sa kika ga kumburin hannun a daidai wannan lokacin. Akwai wata ƙwayar gado mai suna BCL11A da ke aiki kamar makunni, ita ce ke kashe na tayin. A wasu mutane, ƙananan sauye-sauye a cikinta suna sa makunnin bai kashe gaba ɗaya ba, sai su girma da ragowar himogulobin na tayi mai yawa, ciwon ya zo musu da sauƙi. Uwa ɗaya uba ɗaya ba ya nufin an gaji makunni iri ɗaya. Ba zan yanke hukunci a kan 'yarki ban ga sakamakonta ba, domin zazzaɓin cizon sauro, sanyi da ƙarancin shan ruwa su ma suna tayar da ciwon, amma ana iya auna yawan himogulobin na tayi a jinin kowannensu. Maganin hydroxyurea ma ta wannan hanyar yake aiki, yana ƙara yawansa, sai dai likita ne kaɗai ya kamata ya rubuta shi tare da bibiyar gwajin jini.

Maman Walid, Gwammaja:

Na gode ƙwarai, Allah ya saka muku da alheri. Ranar Talata muke da ganin likita, zan roƙi a auna su duka biyun, in kuma tambaye shi ko babban ya dace da wannan maganin.