Me za mu kira "sikirif" na InDesign da Hausa?

Mai tsara shafi, Kano:

Jama'a, ku taya ni neman suna. Ina koya wa yaran shago wani abu a InDesign, manhajar tsara shafukan littafi, da ake kira sikirif, amma da na ambaci kalmar sai hankalinsu ya tafi labarin fim, don sikirif ɗin da suka sani ke nan. Wannan kuwa 'yan layuka ne na umarni da ake rubutawa, galibi da harshen kwamfuta na JavaScript, a adana, sai manhajar ta bi su ɗaya bayan ɗaya ta yi aikin da hannu zai wuni yana yi.

Ga inda yake cetona. Marubuci zai kawo littafi da aka buga da tsofaffin haruffan Hausa na kwamfuta, waɗanda aka ɗora masu ƙugiya a kan maɓallan baka. Kana canza fon, wato salon haruffan, sai ƙasa ta koma }asa, haɗin kai ya koma ha]in kai, ɓangare ya zama ~angare. Shafi 300 haka! InDesign tana zuwa da nata sikirif mai suna FindChangeByList. Ka jera musanye-musanyen a fayil guda, ka danna sau biyu, kafin shayinka ya huce ta gama.

Ɗalibi, Damagaram:

Ranka ya daɗe, ba sai a ce ƙaramar manhaja ba? Ni Scribus nake amfani da ita wajen tsara shafi tunda kyauta ce, nata sikirif kuma da harshen Python ake rubutawa. Akwai wanda na haɗa yana mayar mini da 'y na Najeriya zuwa ƴ da muke rubutawa a Nijar.

Mai tsara shafi, Kano:

Ƙanena, manhaja tana tsayawa da ƙafarta. Shi wannan in ka rufe InDesign ko Scribus ba ya ko motsi, a jikinsu yake aiki. Amma ka yi hattara da naka. In ka ce duk inda aka ga 'y a canza, zai taɓa alamar zance da ta zo gaban kalma mai farawa da y. Ka bi sakamakon da ido.

Malamar Hausa, Zariya:

In aka ce "jerin umarni", ya faɗi ma'anar daidai, ba musu, kuma a ƙamus shi zan sa a matsayin bayani. Sai dai a shago ba wanda zai ce "miƙo mini jerin umarnin nan na ƙugiya". Ya yi tsawo, kuma umarni shi kaɗai ya riga ya zama sunan duk abin da ake dannawa a cikin manhaja.

Malam, me zai hana a ce sallahu? Sallahu saƙo ne da kake ɗora wa mai tafiya: in ka isa ka yi kaza, sannan ka yi kaza. Ba ya kai kansa, sai da mai ɗauka. Kuma mai ɗaukar ba ya ƙari ba ya ragi, abin da aka faɗa masa shi zai yi, ko da mai sallahun ne ya yi kuskure.

Ɗalibi, Damagaram:

Malama, ɗan aike fa?

Malamar Hausa, Zariya:

Ɗana, ɗan aiken ai ita ce manhajar. Gwada a jimla ka ji: "na rubuta ɗan aike". Kunne bai karɓa ba. Amma "na rubuta sallahu", "na ba InDesign sallahu", "sallahun bai isa ba", duk sun zauna.

Mai tsara shafi, Kano:

Wallahi Malama kin gama magana, musamman batun rashin ƙari da ragi. Nan ne sababbin hannu ke faɗawa rami. In littafin yana da bakar gaske, misali a bayanin ƙasan shafi, sallahun ƙugiya zai mayar da ita ɗ ba tare da ya tambaye ka ba. Maganinsa ka taƙaita neman ga rubutun da ke sanye da tsohon fon kawai. Sannan a irin binciken da ake kira GREP, waɗannan baka da alamar ~ suna da ma'anarsu ta daban, don haka ga wannan aikin binciken rubutu na yau da kullum ya fi sauƙi. Ka ajiye kwafin fayil kafin ka ba da sallahu, don komawa baya bayan canji dubu ba wasa ba ne. Kuma sabon fon ya zama yana da ɓ, ɗ, ƙ, irin su Charis SIL ko Noto Serif, in ba haka ba akwatuna za ka gani a gurbinsu.

Jam'insa bai dame ni ba, sallahu biyu, sallahu goma ya isa. Masu CorelDRAW, abin da kuke kira makuro ma ina ganin sunan zai ɗauke shi, amma ku za ku faɗa. Gobe zan sauya sunan fayil ɗin shagonmu zuwa Sallahun Ƙugiya in ga ko yaran za su riƙe.