Kwana nawa ake iya riƙe sikip ɗin haya a Ingila?

Maman Nana:
Assalamu alaikum 'yan'uwa mazauna Ingila. Za a fasa mana kicin da banɗaki, mai aikin ya ce mu nemi hayar sikip, babban kwandon ƙarfen nan da mota ke saukewa a ƙofar gida. Aikin zai kai mako uku. Kwana nawa ake barin mutum da shi? Ba mu da fili a gaban gida, sai bakin titi.

Baban Khalil:
Wa alaikumus salam, Hajiya. Wa'adi biyu ne a kanki: na kamfani da na kansil, wato ƙaramar hukumar yankinku.

Na kamfani mai sauƙi ne. Yawancinsu kuɗin da suka faɗa na kwana 7 zuwa 14 ne. Ki kira kafin ranar ta cika, za su ƙara miki kwanaki, wasu da kuɗi a kan kowace rana ko mako, wasu kyauta in sikip ɗin yana cikin filin mutum kuma ba lokacin cunkoson aiki ba ne.

Na kansil shi ne ba ya jin magiya. Duk sikip da zai zauna a kan titin gwamnati sai da takardar izini, haka sashe na 139 na dokar manyan hanyoyi ta 1980 ya tanada. Galibi kamfanin ne yake nemo ta, ya ɗora miki kuɗin, kuma tana cin 'yan kwanakin aiki kafin ta fito, don haka kada ki kira yau ki ce gobe. Tsawonta ya danganta da kansil: wani mako ɗaya, wani biyu, wani kwana 28. Ranar da ta ƙare sikip ɗin ya zama haramtacce a wurin, ko da kamfani bai matsa miki ba. Tarar tana iya kaiwa fam 1,000, kansil kuma yana da ikon ɗauke shi ya biyo da kuɗin ɗaukar. Ki duba takardar yarjejeniya, domin kamfanoni sukan rubuta cewa irin wannan asara kan mai haya za ta koma.

A kan kwalta ake ajiye shi, ba kan hanyar masu tafiya da ƙafa ba. Dole ya kasance da fitila da daddare, da alamu masu ƙyalli, da sunan kamfani da lambar wayarsa a jiki. In layinku na fakin da lasisi ne, kamar unguwanni da yawa a Landan, akwai kuɗin dakatar da gurbin fakin daban, wanda galibi a kan rana ake lissafa shi. Nan ne mako uku yake tsada.

Injiniya Dogo:
Ranki ya daɗe, ni ban ga dalilin riƙe shi mako uku ba. Sharar kicin da banɗaki a kwana biyu ko uku na farko take fitowa: tayil, tsoffin kabad, baho, baraguzan bango. Abin da ke biyo baya kwali ne da leda da guntun katako. A sa ranar kawowa ta dace da ranar fasawa, a cika, a kira su ɗauke. Na ƙarshen aiki a tara a buhu, a kawo ƙarami mai yadi 2 ko 4 (da yadi ake auna yawan kayan da sikip ke ɗauka).

Sikip da ya daɗe a titi na kowa ne. Ki kwanta rabinsa wayam, ki tashi ki tarar da katifar wani da tsohon firji a ciki, kuma ke za a caja. Ruwan sama ma yana jiƙa kaya ya ƙara nauyi. A rufe da tamfol a ɗaure kowane dare.

Ga baraguzai kada a wuce mai yadi 8, shi ne iyakar abin da motar ke iya ɗagawa da kaya mai nauyi.

Hajiya Mai Lissafi:
In ƙara da abin da ke hana ɗauka a kan lokaci, don shi ke cinye wa'adi. Direba ba zai ɗaga sikip da kaya ya haura bakinsa ba. Jera ƙofofi a gefe don a ƙara masa tsawo ba ya wucewa. Zai tafi, a caje ki kuɗin zuwan banza, takardar kansil tana ta ƙarewa. Haka in wata mota ta yi fakin ta tare gabansa.

Ba a zuba asbesto, tukunyar gas, batir, taya, fenti, firji da talabijin a sikip. Allon filasta a ware shi daban, tun 2009 ba a binne shi tare da shara mai ruɓewa. Kujerun kushin ma tun Janairun 2023 daban ake karɓarsu.

Baban Khalil:
Akwai kuma wanda motar ke tsayawa a loda mata nan take, kamar rabin awa zuwa minti 45, ta wuce. Wannan ba ya buƙatar takardar kansil tunda ba a bar komai a titi ba. Sharaɗinsa kayan su kasance a tare kusa da ƙofa, da majiya ƙarfi biyu ko uku da baro.