Shin sai an saka PHP a cikin Caddy kafin ta samu karɓuwa?

Injiniya: Assalamu alaikum. Abin da nake gani shi ne, duk sabar (manhajar da ke miƙa shafi ga mai ziyara) da take son masu gina shafukan intanet su rungume ta, dole ne ta zo da PHP, harshen rubuta manhajojin intanet, a cikinta, domin da shi aka rubuta WordPress, manhajar gina shafuka, kuma WordPress ne tuwon yawancinmu a nan Legas. Sabar Caddy ta fito tun 2015, tana karɓo takardar shaidar tsaro daga Let's Encrypt, cibiyar da ke ba shafuka irin wannan takarda, da kanta har ta sabunta ta, amma duk da wannan sauƙin, sabar Apache da ta Nginx ne ke riƙe da kasuwa.

Hajiya: Wa alaikumus salam. Injiniya, hujjarka ce ta kayar da kai, saboda ita ma Nginx ba ta ɗauke da PHP a cikinta. Miƙa buƙatar take yi ga PHP-FPM, wata manhaja dabam mai gudanar da PHP, ta hanyar tsarin sadarwa na FastCGI, ta jira amsa. Haka Caddy take yi da umarnin php_fastcgi, wanda layi ɗaya ne rak. Amfanin wannan rabuwar kuwa, idan PHP ya faɗi, sabar tana nan a tsaye tana ba da hotuna da sauran fayiloli.

Injiniya: Hajiya, a takarda layi ɗaya ne. Ranar da wata makaranta a Agege za ta saki sakamakon jarrabawa, na ɗaga PHP daga 8.1 zuwa 8.3, sai sunan soket ɗin da sabar ke nema, wato ƙofar da take magana da PHP-FPM ta cikinta, ya canja, shafin ya koma nuna kuskuren 502. Ina cikin cunkoso a Oshodi, kwamfuta a kan cinya, shugabar makarantar tana kira iyaye sun cika mata ofis. Da FrankenPHP nake amfani da shi, wanda Kévin Dunglas ya fitar a 2022 ya haɗa PHP da Caddy a manhaja guda, da babu soket ɗin da zai ɓace mini.

Baban Ilham: Allah ya kiyaye gaba, amma ɗaga manhaja a ranar sakamako ganganci ne, ba laifin FastCGI ba. Sannan haɗin da kake yabo yana da nasa farashin. Da Go aka rubuta Caddy, shi kuwa PHP da C, kuma kafin su zauna a wuri guda sai an gina PHP da tsarin ZTS, mai ba shi damar gudanar da ayyuka da yawa lokaci guda a cikin manhaja ɗaya, wanda ba kowane ƙarin PHP ne yake jituwa da shi ba. Idan aka gano ɓaraka a PHP, manhajar gaba ɗaya za ka sauya, alhali a rabe PHP kaɗai za ka sabunta. Saurin da ake ta magana a kai ma ya fi fitowa ne idan an bar manhajar zaune a ƙwaƙwalwar na'ura tana amsa buƙata bayan buƙata, wanda ya dace da Laravel da Symfony, kayan gina manhajoji da PHP, amma WordPress ba a kan haka aka gina shi ba.

Auta: Yayyena, ku yi mini afuwa, ni sabon shiga ne. Wani dillalin albasa a Mile 12 ya ba ni aikin ƙaramin shafi na WordPress, kuma kuɗin hayar sabar da dala ake biya. Wanne zan ɗauka?

Hajiya: Auta, fara duba inda za ka ajiye shi. Idan hayar haɗaka ce mai cPanel, allon sarrafa shafi da kamfanin haya ke bayarwa, ba ka da zaɓi, abin da kamfanin ya girka shi za ka tarar. Idan sabar taka ce kai kaɗai, saka Caddy da PHP-FPM, amma ka sani Caddy ba ta karanta fayil ɗin .htaccess, inda Apache ke karanta dokokin shafi, don haka duk dokar da wani ƙarin WordPress ya rubuta a ciki sai ka mayar da ita Caddyfile, fayil ɗin saitin Caddy, da hannunka. Wannan ne yake korar mutane, Injiniya, kuma FrankenPHP bai magance shi ba.

Injiniya: Batun .htaccess na karɓa. Sauran kuwa zan gwada duka biyun a kan sabar gwaji ta makarantar, in kawo muku abin da na gani ranar Asabar, in sha Allahu.