A sake mana antibayotik mu saya ba takardar likita? Muhawarar 'yan zangon Kumasi

Tela, Aboabo:
Assalamu alaikum jama'a. Ina da magana, na kuma san ba kowa za ta yi wa daɗi ba. A ganina lokaci ya yi da gwamnati za ta halatta sayar da antibayotik na yau da kullum, irin su amoksisilin da Flagyl da Septrin, ba tare da takardar likita ba. Kwanan baya haƙori ya tasa ni gaba, kunci ya kumbura, ga ɗinkin biki jibge a shago. Na je wani asibiti tun bayan sallar asuba, ban ga likita ba sai da aka kira azahar. Ya leƙa bakina, ya rubuta mini amoksisilin ɗin da tun daga gida na san shi zai rubuta. Wuni guda ya tafi, kuma ni abin da hannuna ya ɗinka ran nan shi iyalina ke ci. Sannan wa muke ruɗa? Ku shiga kasuwar Kejetia, ku hau tirotiro, wato motar haya, ga masu jaka nan suna tallan kafso a cikin rana. Tunda dai sayen ake yi, gara a saya a shago mai lasisi da izinin hukuma.

Hajiya mai shinkafa da wake, Alabar:
Wa alaikumus salam. Ɗana, ka faɗi abin da ke raina. Mu mata mun fi kowa sanin wannan wahala. Idan zafin fitsari ya kama mace, ta san shi kamar yadda ta san sunanta, don ba ranar ya fara zuwa mata ba. Sai a ce ta bar tukunya a wuta, ta je ta yi layi, ta zauna gaban namiji tana bayanin abin da ko mijinta kunyar gaya masa take yi? Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

Nas, Asawase:
Hajiya, ina gaishe ku, kuma kunyar da kuka ambata gaskiya ce, ina ganinta kullum a fuskar mata. Amma ku ba ni dama in faɗi abin da nake gani a ɗakin jarirai. A kawo jinjiri ɗan kwana uku, jiki zafi, ya ƙi kama nono, cuta ta shiga jini. Maganin farko da aka koya mana shi ne ampisilin da jentamaisin. Sau da yawa yanzu sai a yi allurar, a jira, jiki bai sauka ba. A koma na gaba, shi ma shiru. A ƙarshe a rubuta wa uban yaro wani mai tsada irin meropenem, ya fita yana buga waya yana neman rance. Wannan jinjirin bai taɓa haɗiyar kafso ba tunda aka haife shi. Ƙwayar cutar da ta kama shi ce ta riga ta saba da magani a jikin wasu. Shi ya sa ba na yarda idan mutum ya ce jikina ne, kuɗina ne. Panadol in ka sha ba daidai ba kanka ka cuta. Antibayotik kuwa har maƙwabcinka kake ja ciki.

Tela, Aboabo:
Anti nas, Allah ya saka da alheri. To amma ai ku ma'aikatan asibiti ku ma kuna rubuta shi barkatai. Mura mutum zai kai, a haɗo shi da kafso. Me ya sa sai talaka mai saye a shago za a ɗora wa laifi?

Nas, Asawase:
Ban musa ba, Yaya. Ana yi, kuma kuskure ne. Har gwajin taifot ɗin nan na Widal da ake yi ko'ina, ba abin dogaro ba ne shi kaɗai, amma da shi ake ɗora wa mutane antibayotik ɗin nan sifro. Sai dai ɓarnar da ake yi a asibiti dalili ce ta gyara asibiti. Ba na ganin ta zama hujjar buɗe wata ƙofar.

Ɗalibin haɗa magunguna, Tek:
Iyayena da yayyena, ku yi haƙuri in sa baki. Akwai abin da ya kamata mu fara rarrabewa. Antibayotik bakteriya yake kashewa. Mura, da yawancin tari, da yawancin ciwon maƙogwaro da gudawar yara, bairas ne ke kawo su, kuma kafso ba ya taɓa bairas ko kaɗan. Mutum ya sha, bayan kwana huɗu ya warke don dama zai warke, sai ya ce maganin ne. Amma a cikin hanjinsa akwai bakteriya masu ɗimbin yawa da suka ɗanɗani maganin. Raunanan sun mutu, masu taurin kai sun rage, su ne za su hayayyafa, har su kan miƙa wa wasu ƙwayoyin wannan taurin.

Wannan ba sabon tsoro ba ne. Alexander Fleming, wanda ya gano fenisilin a 1928, da bakinsa ya yi gargaɗi a jawabinsa na karɓar kyautar Nobel a 1945, cewa lokaci na iya zuwa da kowa zai sayi fenisilin a shago, ya sha ƙasa da kima, ya koya wa ƙwayoyin cuta jure masa. Binciken da mujallar Lancet ta buga a 2022 ya ƙiyasta cewa a shekarar 2019 kaɗai mutum miliyan 1.27 suka mutu kai tsaye saboda ƙwayoyin cutar da suka daina jin magani. Kun san yankin da ya fi kowane yawan mace-macen idan aka auna da yawan jama'a? Afirka ta Yamma. Mu ke nan.

Baba tsohon direba, Sabon Zango:
Yaro ya yi magana. Ni ban yi boko mai zurfi ba, amma na ga abu da idona. Muna samari kulorokwin shi ne sarkin maganin zazzaɓi. Ko'ina akwai shi, kowa na sha yadda ya ga dama, ka sha biyu ka ji sauƙi ka ajiye sauran. Muna nan har ya zama ka sha kamar ka sha ruwa. Wajen 2004 gwamnati ta sauya shi da wani. Na san ba antibayotik ba ne, amma hanyar ɗaya ce. Haka allurar fenisilin: a zamaninmu na tuƙi tsakanin Kumasi da Bawku, direban da ya kwaso ciwon sanyi allura ɗaya ake masa ya miƙe. Ku tambayi likitoci yau ko tana yi.

Mai shagon magani, Sawaba:
Bari in yi magana a matsayin wanda ake zagi ta kowane ɓangare. Lasisina daga Hukumar Kula da Harhaɗa Magunguna yake, ƙarƙashin dokar 2013, wato Act 857, kuma irin shagona ba a ba shi izinin sayar da amoksisilin ko sifro ba. To ga yadda rana take. Mutum zai shigo ya ajiye kuɗi a kan kanta ya ce, ba ni ja-da-yalo guda huɗu, wanda Asantawa ke kira topaye. Ba ciwo zai gaya maka ba, kala zai gaya maka. Idan na ce sai da takarda, ya ce ina girman kai, ya tsallaka titi ya samu. Na rasa ciniki, shi kuma bai fasa sha ba.

Abin da ya fi damuna ma ba takardar ba ce, guda huɗun ne. Maganin da ya kamata a sha kwana biyar, mutum kuɗin kwana ɗaya gare shi. Na ga mai fasa kafso ya barbaɗa a gyambo. Na ga mai zuba tetarasaikilin a madara, alhali madara hana shi shiga jiki take yi. Na ga uwa za ta ba ɗan shekara uku, ba ta san yana ɓata haƙoran yara ba, kuma ba a ba mai ciki. Masu kaji kuma buhu-buhu suke zuba wa a ruwan sha. Ni roƙona a koyar da mu, a ba mu ɗan jerin da za mu iya bayarwa da ƙa'ida, a riƙa zuwa ana duba littafinmu. A ƙauyuka da yawa mu ne asibitin.

Malamin makaranta, Tafo:
Ina tare da mai shago, kuma ina so ɗalibinmu ya amsa wannan. Kuna ta lissafin waɗanda yawan magani ya kashe. Waɗanda rashinsa ya kashe fa? Yaron da ciwon huhu ya kama a ƙauyen da babu likita, amoksisilin na kuɗi kaɗan ne tsakaninsa da kabari. A Nijar, inda da yawanmu ke da dangi, an yi gwajin raba wa ƙananan yara azitromaisin sau biyu a shekara, lafiyayyu da marasa lafiya, aka buga sakamakon a 2018: mutuwar yara ta ragu da kusan kashi 18 cikin 100. Babu wanda ya nemi takardar likita a wurin. Wanda ya ƙoshi ne ke wa'azin azumi.

Ɗalibin haɗa magunguna, Tek:
Malam, wannan hujja ce mai ƙarfi, ba zan raina ta ba. Gaskiya ne rashin magani na kashe yaranmu. Amma ku dubi yadda aka yi a Nijar. Ma'aikata ne suka auna wa kowane yaro kimarsa, magani ɗaya, lokaci sananne, ana bin sawu. Duk da haka masu binciken sun tarar ƙwayoyin da ba sa jin irin wannan maganin sun ƙaru a garuruwan da aka raba. Shi ya sa Hukumar Lafiya ta Duniya a 2020 ta taƙaita shawarar ga wuraren da mutuwar yara ta yi tsanani, kuma ga jarirai 'yan ƙasa da shekara ɗaya. Wannan daban yake da a ce kowa ya shiga shago ya zaɓi kala.

Ku dubi Pakistan. Tun 2016 aka samu ɓarkewar taifot a lardin Sindh wanda ya gagari kusan duk magungunan da aka saba, har da sifro da seftriyazon. Mu da taifot ke zaune da mu saboda ruwa da magudanai, in irin wannan ya sauka a Aboabo, ina za mu sa kanmu?

Hajiya mai shinkafa da wake, Alabar:
To ɗana, duk na ji. Amma ba ka amsa mini tawa ba. Mace mai zafin fitsari ta yi yaya?

Ɗalibin haɗa magunguna, Tek:
Hajiya, taku ce ma ta fi sauƙin amsawa, don wasu ƙasashe sun yi. A Ingila tun Janairun 2024 ƙwararren mai haɗa magunguna na iya duba mutum a shagonsa ya ba shi magani a kan cututtuka bakwai, ciki har da ciwon mafitsara mara tsanani ga mata 'yan shekara 16 zuwa 64. New Zealand ta fara irin wannan tun 2012. Amma ba miƙa kuɗi a miƙo kafso ba ne. Zai tambaye ku: akwai zazzaɓi? Akwai ciwon kwiɓi? Akwai ciki? In akwai ɗaya, asibiti zai tura ku, don wataƙila ya kai ƙoda. In babu, ya ba ku cikakken adadi, ya rubuta. Wannan zan goyi baya gobe. Kuma a tsaya kan rukunin farko na jerin antibayotik da Hukumar Lafiya ta Duniya ta kasa rukuni-rukuni, inda amoksisilin yake. Sifro da azitromaisin suna rukunin da aka ce a sa wa ido.

Mai shagon magani, Sawaba:
Ka ga inda muka rabu, ƙanena. Ka ce ƙwararre mai digiri. Su nawa ne a zango? Manyan shagunansu na Adum da bakin manyan asibitoci. Idan aka tsaya a kansu, an sake barin talaka da mai jaka.

Nas, Asawase:
Ni ma a nan nake da shakka a kan shawarar taka, Alhaji. Ba don na raina ku ba. Wanda abincinsa ke cikin sayar da magani, da wuya ya ce wa mai kuɗi a hannu koma gida ka sha ruwan gishiri da sukari da zinc, alhali shi ne maganin yawancin gudawar yara. Kai kana da tsoron Allah, na yarda. Sauran fa? Kuma Septrin da ake ɗauka kamar alewa, na taɓa jinyar wadda fatarta ta sassaɓe har cikin baki saboda shi. Kafin a ba ku wannan izini sai na ga masu zuwa duba littafin da gaske, ba sau ɗaya a shekara ba. Ghana ta ƙaddamar da manufarta ta yaƙi da wannan matsala tun 2018, takarda ba ta yi mana ƙaranci ba.

Hajiya, ku kuma don Allah ku sabunta katin inshorar lafiya, ta waya ma ana yi da *929#. Kuma kuna da damar cewa mace kuke so ta duba ku. Ciwon da ke dawowa kowane wata biyu yana son a gwada fitsarin a ga wace ƙwaya ce, a kuma duba suga.

Tela, Aboabo:
Na karanta duka. Ban sauka daga maganata gaba ɗaya ba, don har yanzu babu wanda ya gaya mini wa zai biya ni wunin da na rasa. In za a yi irin na Ingila a kawo shi har cikin zango, na yarda da wannan. Amma Anti nas, tsakani da Allah akwai abin da ban faɗa ba. Amoksisilin ɗin nan kwana biyu na sha, kumburi ya sauka, na ajiye sauran a aljihun keken ɗinki. Likitan ya ce in je wajen likitan haƙori, ban je ba. Daren jiya ya fara zugi kuma. In ci gaba da sauran?

Nas, Asawase:
A'a Yaya, kada ka taɓa su. Ruɓar tana cikin haƙorin, kafso ba ya isa can ya share ta. Sai an buɗe an wanke ko an cire. Ka sha Panadol yau, gobe da sassafe ka je wajen likitan haƙori, ka tafi da sauran maganin ka nuna masa, ka gaya masa kwana nawa ka sha. In kuwa kumburin ya gangaro wuya, ko baki ya ƙi buɗuwa, ko haɗiya ta yi wuya, kada ka jira gari ya waye.

Tela, Aboabo:
To, na ji. Zan ba yaron shago makulli, in sha Allahu da asuba ina can.