Dokokin da aka kafa wa manyan kamfanonin fasaha: me ya iso hannunmu a Damagaram?

Malamin makaranta, unguwar Birni:
Assalamu alaikum. 'Yan uwa, ina roƙon kowa ya faɗi abin da ya gani da idonsa game da dokokin da ake kafa wa manyan kamfanonin fasaha da kasuwannin intanet, domin na sha jin ana cewa tun da a Turai ake yin su, babu ruwan mai saye na Damagaram.

Mai gyaran salula, Kasuwar Dole:
Wa alaikumus salam, Malam. Da ruwanmu ƙwarai, kuma shaidar tana kan teburina. A da, kowace waya da irin bakin cajarta, mutum ya zo a ruɗe yana neman wadda za ta shiga, sau da yawa ya koma gida da jabu wadda za ta kashe masa batir. Tarayyar Turai ta wajabta bakin USB-C ga sababbin wayoyi daga 28 ga Disamba 2024, kuma tun 2023 kamfanin Apple ya koma kan wannan bakin da wayarsa iPhone 15. Da yake wayoyin da ake ƙera wa can suna gangarowa nan ma, yau caja ɗaya tana isar miji da mata da 'ya'ya. Cinikin caja ya ragu a wurina, amma na fi son haka da ganin talaka yana zubar da kuɗinsa.

Ɗaliba, Jami'ar André Salifou:
Yayana da ke Faransa ya saya mini kwamfuta ta intanet, sai ta zo da madannai na Turanci alhali da Faransanci muke rubutu. Ya mayar da ita, aka dawo masa da kuɗinsa, saboda dokar can ta ba mai saye ta intanet kwana 14 ya fasa ciniki ba tare da ya faɗi dalili ba.

Hajiya mai sayar da atamfa, Zango:
'Yata, kin ji daɗi, ni kuwa labarina daban ne. Na ga leshi a wani shafin sada zumunta, muka daidaita da mai kayan da ke wani gari a kan jika 45, na aika mata ta gidan aika kuɗi. Abin da motar ta kawo mini tasha ko kusa bai kai wanda na gani a hoto ba. Na kira har na gaji, daga baya ta toshe lambata, kuma har yau tana nan tana tallarta. Abin da ya fi ciwo shi ne kayan na bikin 'yar ƙanwata ne, ranar ta zo ban san ƙofar da zan ƙwanƙwasa ba.

Malamin makaranta:
Allah ya mayar miki da alheri, Hajiya. Irin wannan ɓarna ce dokar Turai ta hidimomin intanet ta nufa, domin tun Fabrairun 2024 ta tilasta wa kasuwannin intanet su karɓi suna da adireshi da shaidar ɗan kasuwa kafin ya baje kaya. Maƙwabtanmu ma sun motsa: a Yulin 2024 hukumar kare masu saye ta Najeriya ta ci kamfanin Meta, mai Facebook da WhatsApp, tarar dala miliyan 220 kan yadda yake sarrafa bayanan jama'a. Mu ma a Nijar muna da hukumar ARCEP mai kula da sadarwa da hukumar HAPDP mai kare bayanan sirri, sai dai a ganina abin da mai saye ya fi buƙata shi ne a riƙe kuɗinsa amana har kaya su iso hannunsa.

Hajiya:
Da akwai wannan, Malam, da ban daina saye daga nesa ba. Yanzu sai wanda na san gidansu, ko na aiki ɗana ya taɓa kayan da hannunsa kafin in fitar da ko dala.