Neman shawara: mu rushe ɗakunan ƙasa ko mu gyara?

Assalamu alaikum 'yan uwa. Gidanmu na ƙauye ne a yankin Ringim, ɗaki uku na tubali da rufin azara, ginin kakanmu. A daminar bana bangon baya ya jiƙe tun daga gindi, ya tsage har ana hango haske, ɗakin Inna kuma sai an tara kwanuka in ana ruwa. Yayana ya ce a rushe a zuba bulo. Baba ya ce shi ba zai kwana a ƙarƙashin kwano ya dahu ba. Abin da na tara a Kano bai fi na ɗaki ɗaya da bulo ba. Ya zan yi?

Wani magini: Wa alaikumus salam. Ƙanena, shekarata kusan 30 a gini, kuma yawancin ɗakin ƙasa da na ga ya faɗi, ta ƙafa ruwa ya ci shi. Je ka duba bayan ɗakin, ina kyautata zaton indararo a gindin bango yake zuba, ko kuma lungun ya fi daɓen ɗaki tudu. Ku sauke bangon da ya tsage kaɗai, ku haƙa harsashi, ku jera bulo mai inci 9 sahu uku ku cika cikinsa da kankare, ku shimfiɗa leda mai kauri, sannan a ɗora tubali. Sauran bangon a zagaye shi da dakali mai gangara. Kada wani ya ruɗe ka ka shafe bangon ƙasa da siminti zalla. Ba sa kama juna, damshi zai taru a ciki, shekara biyu uku ka ga filasta tana ɓallewa faifai-faifai. In dole sai siminti, a buga ƙusa a ɗaura wayar kaji tukuna. In kuwa akwai ɗorawa kusa, makuba, wato shafen bango da ake haɗawa da ɓawon ɗorawa, ta fi dacewa da ƙasa, sai dai tana son a riƙa sabuntawa.

Wani ɗan uwa: Da girmamawa Baba magini, ni ina bayan yayansa. Ringim fa ake magana. Ambaliyar 2022 ta nuna mana, in ruwa ya kwana biyu a tsakar gida, tubali narkewa yake kamar gishiri. Ka gina ɗaya da bulo bana, baɗi a ƙara.

Magini: Gaskiyarka, in gidan a kwari yake. Amma bulon ma wane iri? Wanda aka buga 70 a buhu ɗaya, ka murza da yatsa ya zube? Ku buga naku, mai inci 6 kada ya wuce 45 zuwa 50 a buhu, a yi ta ba shi ruwa kwana bakwai.

Mai tambaya: Gidan a kan tudu yake, ruwa bai taɓa shigo mana ba. Kuma wallahi indararon yadda ka faɗa ne, Baba magini.

Wani kafinta: To ka huta. Ka bar azarar da ƙasarta yadda suke, a ɗora kwano a sama da ɗan fili tsakani, ya leƙo waje kamar ƙafa biyu. Yoyo ya ƙare, sanyin soro yana nan, tsoho ba zai yi ƙorafi ba. A shafa wa katako baƙin mai saboda gara, a ɗaure shi da langalanga cikin bango, don iskar farkon damina ba ta da mutunci.

Wata 'yar uwa: Ni nawa ba na gini ba ne. Ka ce gidan kaka, wato akwai baffanni da gwaggwanni a ciki. Kafin ka sauke buhu ɗaya, ku zauna gaban mai unguwa a rubuta ko kyauta ka yi ko bashi. Mu ranar rabon gado muka gane kurenmu.

Mai tambaya: Allah ya saka da alheri. Ranar Juma'a zan je, zan fara da baffanni. Kwanon kuma bandir nawa zai rufe ɗaki uku, malam kafinta?

Kafinta: Bandir falle 20 ne. Auno min tsawo da faɗi tukuna.